Faifan da yayana ya aiko daga Amurka ya ƙi yin kala a telen Inna

Autan Inna, Tawa

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san kan tele da na'urar DVD ya agaza mini, don abin ya fi ƙarfina, tsohuwa kuma ta sa ni gaba.

Yayana yana zaune a Greensboro, can Amurka, shekara da shekaru. A 2011 marigayi Baba ya je masa sunan ɗansa na fari, ya yi wata biyu a can. Ranar sunan wani abokin Yaya ya ɗauki bidiyo, aka zuba a faifai, aka jefa cikin kwali aka manta. Bana da Yaya ya tashi sauya gida sai ya ci karo da shi, ya ba wani ɗan garinmu mai zuwa ganin gida ya kawo mana. Faifai uku ne cikin ambulan. Biyu na sunan ne, da hannu aka rubuta a kansu. Na ukun na saye ne, da kwalinsa da hoton zaki, fim ɗin namun daji, wai tsarabar jikoki.

Yau shekara huɗu da rasuwar Baba, kuma ba mu da muryarsa a ko'ina. Mutum ne da bai yarda da saƙon murya ba, in ya kira ka gaisuwa ce da magana biyu ya kashe. To ku auna yadda Inna ta ji da aka ce ga shi nan cikin faifai yana magana.

Telen Inna tsoho ne, mai ƙeya, a Kwanni aka saye shi tun ina firamare. Na'urar kuwa Baba ne ya zo da ita daga Makka, ta babban kamfani ce, mai nauyi, har yau da ƙyalle mai ɗinkin hannu Inna ke rufe ta. Daren Juma'a bayan lisha aka shimfiɗa tabarmi, Gwaggo ta zo, matan maƙwabta uku suka shigo. Na sa faifan farko. Murya ta fito tangaram, har gyaran muryar nan da Baba ke yi kafin ya yi sallama muka ji. Amma hoto babu kala, fari da baƙi, kuma sai gudu yake sama kamar ana jan guga, kan mutum a ƙasa, ƙafafunsa a sama, wani baƙin layi yana ratsa tsakiya. Inna ta yi shiru, can ta ce in kashe, idonta ya fara juyawa. Na biyun ma haka. Na sa na namun dajin don yara su huce, shi ko buɗewa bai yi ba, wani rubutu kawai ya fito wai yankin faifan bai dace ba.

Abin da ya ɗaure mini kai, faya-fayan Kano da na wa'azi da ke gidan duk suna yi da kalarsu ras. Na kai na'urar wurin wani mai gyara, ya goge mata ido, ya karɓi jika 2, ya ce injin binciken kaya na filin jirgi ne ya ƙone faifan. Raina bai kwanta da maganar ba, in ƙonewa ce me ya sa murya ke fita?

Yaya ba shi da wani kwafi, wannan ɗin shi ke nan. Yanzu yana cewa zai sayi tele da na'ura a can ya sako a kwantena. Kafin ya yi asarar kuɗinsa, me ke damun faya-fayan nan, kuma akwai dabarar da za a yi a nan Tawa?

Mai Gyara na Katako, Yamai

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makoma. Kwantar da hankalinka, faifanka lafiyarsa ƙalau, jika biyunka ce kawai ta tafi. Injin filin jirgi ba ya taɓa faifai.

Ciwo biyu ne ka haɗa wuri ɗaya, kowane da maganinsa. Bari in ɗauki na sunan, shi ne aikina.

Tele ba harshe ɗaya yake ji a duniya ba. Na Amurka da Kanada da Japan tsarinsu NTSC: hoto layi 525, allon yana sabuntawa kusan sau 60 a daƙiƙa. Namu na nan da na Najeriya da na Turai layi 625 ne, sau 50 a daƙiƙa. Asalin bambancin daga wutar lantarki ya taso, ta Amurka tana kaɗawa sau 60, tamu sau 50, waɗanda suka ƙera tele na farko kuma da bugun wutar ƙasarsu suka ɗaure shi. Kamarar da aka ɗauki sunan ta can ce, don haka faifan NTSC ne. Na'urar Baba ta karanta shi daidai, shi ya sa kuka ji murya, sai ta miƙa wa tele hoton yadda ta same shi. Telen Inna ya saba da tafiyar 50, aka ce ya yi ta 60, ya kasa riƙe hoton, gudun da ka gani ke nan. Kala kuma kowane tsari da inda yake ɓoye ta cikin sigina, NTSC a megahaz 3.58, PAL, tsarin Najeriya da yawancin Turai, a 4.43. Telen ya leƙa inda ya saba samunta bai gani ba, sai ya ba ku fari da baƙi.

Da ka ce faya-fayan Kano suna yi da kala ka rage mini aiki, na san telen yana jin PAL. Saura a sa na'ura ta juya masa hoton kafin ta ba shi. Cire faifan, ka danna Setup a telekomand, ka nemi inda aka rubuta TV Type ko Système TV. In ka ga yana kan Auto ko Multi ko NTSC, mai da shi PAL. Sai dai ban yi maka alkawari ba. Na'urorin manyan kamfanoni da yawa ba sa juyawa gaba ɗaya, kalar kawai suke mayarwa PAL su bar gudun a 60, wanda muke kira PAL 60. In haka taku take, kala za ta dawo, hoto ya ci gaba da tsere.

In ta ƙi, kada ka wahalar da kanka. Zaga unguwa ka aro ƴar ƙaramar na'urar nan ta Sin, marar nauyi, irin wadda ake sa wa filash a gaba. Duba telekomand ɗinta, galibi akwai wani maɓalli da aka rubuta N/P. Faifai na ciki ka danna shi sau ɗaya ko biyu. Na fi shekara 20 a rumfar nan, abin da na fi yi wa masu kawo kayan Amurka ke nan, har kunyar karɓar kuɗi nake ji.

Ɗan Kwanni

Wai har yanzu akwai masu fama da faifai? Auta ka kai wa masu tura finafinai a kasuwa su juye maka a filash, magana ta ƙare. Kuma ai dole ya ƙi yi, mu Nijar SECAM muke irin na Faransa, sai faifan SECAM.

Ɗiyar Harobanda, Yamai

Yaya Auta sannu da ƙoƙari, Allah ya gafarta wa Baba. Baba Mai Gyara ya gama da na sunan, ni bari in taɓa na namun dajin, don shi ba ruwansa da layi ko kala. Kulle shi aka yi da gangan.

Lokacin da DVD ya fito, a Japan a 1996, Amurka a 1997, kamfanonin fim sun raba duniya gida-gida don kada faifan da aka sayar a wata ƙasa ya riga fim ɗin isa sinimar wata, kuma don kowace kasuwa su yanka mata nata farashi. Amurka da Kanada yanki na 1. Turai da Japan da ƙasashen Larabawa na Gabas ta Tsakiya da Masar da Afirka ta Kudu na 2. Kudu maso gabashin Asiya na 3, Latin Amurka da Ostareliya na 4. Mu da sauran Afirka aka haɗa mu da Indiya da Rasha a na 5, Sin ita kaɗai na 6. Har jiragen sama da na ruwa an ware musu na 8. Juya bayan kwalin, can ƙasa za ka ga ɗan zanen duniya da lamba a ciki, na tabbata 1 za ka gani. Na'urar Baba tun da daga Makka ta zo, mai yiwuwa 2 ce a bayanta. Lamba ba ta haɗu ba, ta ƙi buɗe ƙofa.

Ka lura Japan da Faransa yankinsu ɗaya, amma ɗaya NTSC ɗaya layi 625. Wato lambar yanki daban, tsarin hoto daban, faifai yana iya tsallake ɗaya ya faɗa ɗayan. Na sunan da aka zuba a gida ba shi da kulle, shi ya sa ya buɗe. Na Kano ma haka, yawanci ba a sa musu, VCD kuwa tun asali ba shi da wannan tsiya. Ƙananan na'urorin Sin da Baba Mai Gyara ya ambata akasarinsu ba sa duba lambar sam, ka ga in ka aro ɗaya, ta yiwu ta yi maka aikin biyu.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai ba kallon ba ne. Ka ce kwafi ɗaya ne a duniya. Faifan da aka zuba a kwamfuta ba kamar na kamfani ba ne, wani sinadari ne mai kama da rini a cikinsa, zafi da rana suna cinye shi a hankali. Ya yi shekaru cikin kwali, yanzu kuma ya zo zafin Adar. Don Allah kafin a sake sa shi cikin kowace na'ura, ka nemi kwamfuta mai wurin faifai. In ka buɗe za ka ga jaka mai suna VIDEO_TS, ka kwashe ta dukanta, kada ka tsinci fayil ɗaya ka bar saura. Faifai ɗaya irin wannan yawanci ba ya wuce giga 4.7, filash mai giga 16 zai ɗauke biyun har da saura. Ka yi kwafi biyu, ka tura wa Yaya ɗaya. Manhajar VLC tana buɗe jakar kai tsaye, kwamfuta kuma ba ta damu da 50 ko 60 ba.

Ban goyi bayan a miƙa wa masu turi a tafi a bar musu ba. Sau da yawa matse bidiyo suke yi don ya shiga waya, fuska ta dagule. In za ka kai, ka tsaya a kansu, ka ce jakar kake so yadda take.

Gargaɗi ɗaya game da na namun dajin. In ka sa shi a kwamfuta ta tambaye ka ko a sauya yanki, kada ka yi saurin cewa to. Sau 5 kawai ake yarda a sauya, daga nan ta kafe a kan na ƙarshe, ko an sake wa kwamfutar Windows ba ta dawowa. Ni na yi wa ta ɗakin karatunmu haka da faifan da aka aro, har yau ina jin kunyar abin. Fara gwada VLC, sau da yawa yana wucewa ba tare da ya tambaya ba.

Tsohon Mushe, Yantala

Ɗana na Kwanni, rabin maganarka gaskiya ce, rabi kuma ka yi tuntuɓe. Gaskiya ne Tele Sahel da SECAM ta yi ta watsa shirinta, kamar yawancin ƙasashen da Faransa ta raina. Amma babu wani abu wai shi faifan SECAM, ba a taɓa yin sa ba. DVD iri biyu ne kawai, mai 720 sau 480 na ƙasashen NTSC, da mai 720 sau 576 na sauranmu. Wanda ake sayarwa a Paris ma PAL ne a rubuce a bayansa.

Ku yaran yanzu ba ku ga wahalar ba, a zamanin kaset aka sha ta. SECAM wani injiniya Bafaranshe ne ya ƙirƙiro shi, Henri de France, PAL kuma Bajamushe, Walter Bruch na kamfanin Telefunken. Duka biyun a 1967 aka fara watsa kala da su, Ingila da Jamus ta Yamma suka ɗauki PAL, Faransa da Tarayyar Sobiyet suka ɗauki SECAM. Mu nan ba wanda ya tambaye mu, kowa ya bi uban gidansa. Najeriya ta bi PAL, mu muka bi SECAM. Sai ga Hausa ɗaya, dangi ɗaya, tsakanin Kwanni da Illela tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma telen wannan gefe ba ya ganin kalar wancan.

Ina koyarwa a wani gari kusa da iyaka na sayi tele na farko, na Faransa zalla. Tele Sahel da kala, amma duk kaset ɗin da aka kawo daga Kano ko Sakkwato fari da baƙi. Wata biyu ina zargin mai ba da hayar kaset da ba ni gwanjo, har muka yi cacar baki a gaban mutane, ashe bawan Allah ba shi da laifi. Daga baya ƴan kasuwa suka gane, ba mai sayen tele sai an ga PAL da SECAM a rubuce a goshinsa, mai kuɗi kuma ya sayi wanda ake kira multisistem. Telen mahaifiyar Auta da aka saya a Kwanni zai zama irin mai jin biyun ne.

Wani abin dariya da na sani daga baya: fim ɗin sinima hoto 24 ne a daƙiƙa, tele namu kuma 25 yake so. Maimakon a yi ta lissafi sai kawai a ƙara masa sauri. Fim mai awa biyu ya rage minti biyar, muryar ƴan wasa ta ɗan sirance. Shekaru muna kallon finafinan Turawa da ƙarin sauri kashi 4 cikin 100, ba wanda ya sani.

Autan Inna, Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba bayan kwalin, 1 ne, bayan na'urar kuma 2, kamar Ɗiyar Harobanda tana tsaye a wurin. Na shiga Setup na sa PAL, kala ta zo, gudun bai tsaya ba.

Baba Mushe, maganarka ta ƙarshe ta tsorata ni. In aka juya faifan zuwa PAL muryar Baba za ta sauya ke nan? Inna muryar take nema fiye da hoton. Sannan me zan ce wa Yaya game da kwantenar?

Mai Gyara na Katako, Yamai

A'a ƙanena, abin da Mushe ya faɗa a can kamfani ake yinsa, lokacin da ake mai da fim ɗin sinima faifai. Na'urar gida ba ta taɓa murya. Hotuna take ragewa, cikin kowane 6 ta yar da ɗaya don 30 ta koma 25. Abin da za ka lura da shi, in mai kamara ya juya da sauri hoton zai ɗan yi tsalle-tsalle. Muryar Baba yadda kuka ji ta daren Juma'a haka za ta fito.

Yayanka kuwa ka ce masa ya riƙe kuɗinsa. Wutar Amurka 120 ce, tamu 220. Wasu kayan suna ɗaukar duka biyun, an rubuta 100 zuwa 240 a bayansu, wasu kuwa kana sa su a soket sai hayaƙi. Akwai guda uku a ƙarƙashin teburina yanzu haka, masu su sun ƙi dawowa. Ko ya tsira daga wuta, telen can tashoshin ATSC yake kamawa, namu na zamani DVB-T2 ne, da eriya ba zai kamo komai ba sai an haɗa masa dikoda. Da yawansu kuma ba sa karɓar hoto mai 50, ka ga an juya ciwon ke nan: faifan suna ya yi, na Kano da na wa'azin Inna su ƙi. Na'urar can ma yanki na 1 za ta zo da shi. In ya matsa sai ya yi wa Inna alheri, ya turo kuɗin a sayi shafaffen tele a nan, na kasuwarmu suna cin 50 da 60 duka, a haɗa da wayar HDMI, ba PAL ba NTSC.

In ma wata rana ya ce zai aiko Blu-ray, shi ma da nasa rabon, da haruffa: Amurka A, mu da Turai B.

Autan Inna, Tawa

Jama'a an dace. Na bi maganar ƙanwata ta Harobanda tukuna, wani abokina malamin lise yana da tsohuwar kwamfuta mai wurin faifai, muka kwashe na farko lafiya. Na'urar kuma a gidan mai shayin bakin layinmu na samo ta, murfinta ma da salatif aka ɗaure. Telekomand ɗin duk lambobin sun goge, sai da na haska fitilar waya na gano N/P ɗin. Dannawa ta biyu hoto ya tsaya cak, kala ta zauna.

Ban kira kowa ba wannan karon, daga ni sai Inna. Baba yana zaune a kan kujera cikin wani falo, an miƙa masa jaririn, yana yi masa addu'a yana tofawa. Inna ta matso har gaban gilashin. Abin da ta fara cewa, wai ashe shuɗiyar rigar ya sa, ita da ta ce masa farar shaddar zai sa ranar suna, har guga ta sa aka yi mata daban. Ta yi ta yi masa faɗa kamar yana jinta. Sau uku muka maimaita wurin addu'ar. Yara kuma sun samu zakinsu da safe, na'urar mai shayi ko tambayar lamba ba ta yi ba.

Saura matsala ɗaya. Faifai na biyu yana kaiwa wajen minti 40 sai ya tsaya, daidai inda aka fara rabon goro, a kwamfutar ma kwafin a nan yake tsayawa ya ce kuskure. Na ɗaga shi a haske, babu ƙarzuwa sosai, amma gefen bakinsa launin ya ɗan sauya, kamar tabon shayi. Na mai da shi cikin ambulan na sa a ƙasan akwatin Inna inda ya fi sanyi. Ƙanwata ta Harobanda, akwai manhajar da ke tsallake wurin da ya lalace ta kwaso abin da ya rage? Yaya ya ce a ƙarshen wannan faifan ne Baba ya juyo ya kalli kamara ya yi wa mutanen gida sallahu.